Turakun Tumatirin Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar tawa sarkin kuka. Yaya aiki, yaya gajiyar ofis? Mu nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Na gaji da kiranka a waya kana ce min kana taro, in kuwa ka ɗauka, Baba yana nan kusa. Ka san ciwon nan ya shanye masa hannun hagu da ƙafar hagu, amma kunnensa ko gezau. Shi ya sa na ba direban da ke kawo mana saƙonka wannan ya miƙa maka hannu da hannu.

Sandar da ka aiko ta iso, mai ƙafa huɗu da robar riƙewa. Baba ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce kamar yadda yake yi wa katako a da, ya sa maka albarka, sannan ya ce in rataye ta a ƙusar bayan ƙofa. Tana can har yanzu, hularsa a kanta. Ya ce shekara arba'in yana kafinta, shi ke yi wa gadajen mutane ƙafa, ba zai fito tsakar gida da ƙafar aro maƙwabta suna leƙensa ta katanga ba. Likita kuwa ya ce dole ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Wata huɗu ke nan iyakar tafiyarsa daga gado zuwa banɗaki, yana bin bango.

To ga sabuwa kuma. Ka tuna 'yar gonar Inna da ke bayan kicin, tsakanin ƙofar baya da famfo? Tun rasuwarta ba wanda ya taɓa wurin sai ciyawa. Ran nan da safe Baba ya tashi ya ce shi tumatir yake so a shuka. Na ce masa tumatir ya cika kasuwa, ya yi kamar bai ji ba. Wa zai yi kaftu? Ni. Wa zai ɗauko taki? Ni. Na dasa tumatir layi biyu da 'yar hanya a tsakaninsu, na sa barkono da alayyahu a gefe, na ce shi ke nan na huta.

Ashe ban fara ba. Wai sai an kafa wa kowane dashe turke. Na kawo karare, ya ce a'a. Na kawo gora, ya ce a'a. Sai da ya sa na je tsohon shagonsa na kwaso ragowar katakon nan ja mai nauyin tsiya, aka tsaga masa shi. Auta, tumatirin da bai kai tsawon yatsa ba, an kafa masa turken da zai riƙe bijimi! Yana zaune a kujera bakin ƙofa yana ba da umarni, ni ina sheƙa guduma. Kowanne sai ya shiga ƙasa kamu guda, sannan in jingina da shi da dukkan nauyina, in ya motsa ko kaɗan a sake. Kan kowane turke kuwa shi da kansa ya goge shi a cinyarsa da hannun nan ɗaya, sumul, sai ka ce hannun kujerar amarya. Tafin hannuna duk ya yi kanta, kwana biyu ban iya riƙe almakashi ba, ga ɗinkin mutane jibge a shago.

Abu ɗaya ya yi min daɗi. Ya ce kada in ɗaure su da leda ko igiyar roba, tana yanka kara. Ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin kekena nake kawowa, a yi ɗauri sako-sako yadda yatsa zai shiga, don karan ya sami wurin yin kauri. Yanzu gonar ta zama ja da kore da shuɗi tun ba ta yi fure ba.

Ba ƙorafi nake yi ba, ko kuwa ma ƙorafin ne. Kai ka aiko sanda an sa maka albarka, ni na sha guduma an ce layina ya karkace. Ka gaishe da mutan gidan.

Yayarka,
Tela


Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata zazzaɓin yarinyar ya sauka. A shafa min kanta. Baba yana gaishe ku, jikinsa da sauƙi, sauƙin da ban yi tsammani ba, kuma a kansa na zauna rubuta maka wannan. Don Allah ka karanta ta har ƙarshe, ka kuma riƙe ta a cikinka.

Ranar Talata na fita shago da safe kamar kullum, na bar masa shayi a kan tebur. Na kai bakin titi sai na tuna na bar tef ɗin awona a kicin. Na dawo ta ƙofar gaba, na shiga kicin, na ɗaga kai ta taga. Sai ga Baba a tsakiyar gona, a tsaye, shi kaɗai.

Wallahi sai da na toshe bakina da hannu. Ya riƙe kan turke da hannun dama, ya jawo ƙafar hagu, ya tsaya, ya saki, ya kama na gaba. Haka, ɗaya bayan ɗaya, har famfo. Ya buɗe, ya wanke fuska, ya huta, ya juyo, ya kama ɗaya layin, tunda yanzu shi ne a damansa. A kowane turke sai ya sunkuya kaɗan ya taɓa ganye, don ko wani na leƙe ya ga tsoho yana duba shukarsa. Na fice a hankali ban ɗauki tef ɗin ba, na je shago na yi kuka son raina, har mai sayar da zare da ke gefena ta zaci rasuwa aka yi.

Da yamma, yana barci, na fita da tef na auna. Tsayin kowane turke inci arba'in, daidai awon da nake yanka masa wando daga ƙugu zuwa ƙasa, daidai inda hannunsa ke sauka. Tazarar na kusa da ƙofa inci goma sha takwas ne, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ta kai ashirin da huɗu wajen famfo. Guda ashirin da biyu ne, sha ɗaya a tafi, sha ɗaya a dawo. Huɗu daga cikinsu ma babu ko tsiro a gindinsu, ni ce dai ban lura ba, ina can ina mitar tafin hannuna. Mutumin nan ya zauna a kujera ya zana wa kansa hanya, ya sa ni na gina masa ita ban sani ba, ya rufe ta da tumatir.

Ban nuna masa na gani ba, ba kuwa zan nuna ba. Ka san halinsa, ranar da ya gane an gane, ranar zai daina. Yanzu dai ina fita da wuri don in ba shi fili, kuma kowace Juma'a ina bi da guduma in ƙara danna su, in ce masa ruwa ne ya sassauta ƙasa. Ƙafar ta fara ɗaguwa, Auta. Jiya na ga sawunsa a laka, ba ja ba ne duka, akwai taku sosai guda uku.

Dalilin da ya sa nake gaya maka shi ne maganar da ka yi a waya da na tura maka hoton gonar. Ka yi dariya ka ce bayan gidanmu ya koma kasuwar itace, ka ce ka ga wani keji na wayar ƙarfe a kanti da ake kifa wa tumatir, mara nauyi, mai kyan gani, za ka kawo. Na kasa ba ka amsa don yana gefena yana jinmu. Ga amsar yanzu: kada ka kawo, kada ka taɓa ko turke ɗaya. In kana son yi masa alheri, ka zo ka zauna da shi yini guda, ka yaba tumatirinsa, ka koma.

Sun fara fure, rawaya ƙanana. Ya ce in riƙa tsinke 'yan tsiron da ke fitowa a hammatar reshe don kada su shanye ƙarfin uwar. Hannuna kullum warin ganyen tumatir yake, har a jikin ɗinkin mutane.

Ka gaishe da maiɗakinka da kyau.

Yayarka,
Tela


Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya ranar nan. Ba zan tambaye ka gajiyar hanya ba, don ni ma da tawa. A kan bencin asibiti nake rubuta wannan, a cinyata, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri.

Na gaya maka a waya Baba ya faɗi, ƙashin kwatangwalonsa ya karye, ka yi salati ka ce a yi duk abin da ya kamata. An yi masa aiki shekaranjiya. Abin da ban faɗa a waya ba shi zan faɗa yanzu, don in na bar shi a ƙirjina zai kashe ni.

Ka zo ranar Asabar ba sanarwa, wai kana so ka ba mu mamaki. Ka tarar na kai shi ganin likita, ka karɓi makulli wurin maƙwabciyarmu mai wanki, ka sa leburori biyu suka tumɓuke turakun nan kaf, suka kifa kejin wayarka. Katakon kuma ka ba mai wanki kyauta ta yi makamashi. Muka dawo da la'asar, likita ya gama yaba ƙafar Baba, yana mamakin yadda ta yi ƙarfi haka, Baba yana ta murmushi a mota. Ka tare mu a ƙofa fuskarka fal fara'a, ka riƙe shi har ƙofar baya, ka nuna masa aikinka.

Kai fuskarsa kake kallo, ni hannunsa nake kallo. Ya ɗago shi daidai ƙugu, ya buɗe, ya rufe a kan iska, ya mayar da shi aljihu. Sannan ya ce abin ya yi kyau, ya sa maka albarka, ya ce ɗansa ya san zamani. Na buɗe baki, ya juyo ya yi min kallon nan da muka sani tun muna yara, na haɗiye. Na tsaya ina dubanka ina cewa a raina: wannan ya karanta takardata ya kuma aikata haka? Ban iya cin abinci da ku ba, ka ce Yaya kullum cikin fushi.

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Na ce bari ka tafi in mayar da komai yadda yake. Ka kama hanya da sassafe, ni kuma na ruga gidan mai wanki kafin ta sa su a wuta. Na tarar ta ƙona uku, na tsaya ina roƙonta sauran, ina ɗaure su da igiya. Minti ashirin, ba su fi ba. Da na rufe ƙofar baya da makulli. Da na ce masa ya jira ni, amma in na ce ya jira, na nuna masa na sani ke nan, sai na zaɓi in rufa masa asiri, ga inda rufin asirin ya kai mu.

Na shigo da katako a kaina na same shi kwance a tsakanin layuka. Ya yi taku huɗu ba riƙo, Auta, huɗu, na ga sawun. A na biyar ƙafar ta ci amanarsa, ya miƙa hannu inda ya saba samun turke, ya kama wayar kejinka. Ta lanƙwashe a hannunsa kamar cokalin roba, ta biyo shi ƙasa da tumatirin da ke cikinta. Bai yi ihu ba don kada maƙwabta su ji. Yana kwance yana ƙoƙarin miƙe wayar da hannu ɗaya don kada a ga ta lanƙwashe.

Jiya na koma gida ɗauko masa kaya, na ga kwalayen da ka kawo kejin a ciki jingine da katanga. Na ɗaga zan zubar, sai wani abu ya faɗo. Takardata ce ta biyu, a cikin ambulan ɗinta, a liƙe yadda na liƙe ta da yawuna. A bayanta ka rubuta da bironka: keji ashirin, leburori biyu, Asabar. Ashe ta yi maka amfani.

Na zauna a ƙasa a wurin na daɗe. Da ka karanta ka ƙi ji, da na ce taurin kai ne irin na gidanmu, na san yadda zan yi faɗa da shi. Wannan kuwa ban san sunansa ba. Mako uku tana hannunka.

Ba ni da sauran magana yau. Ana kiran masu jinya.

Yayarka


Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, ina fata kowa lafiya. Keken guragun da ka aiko ya iso, na gode. Wannan karon ba a rataye shi a ƙusa ba, ana amfani da shi.

Mun dawo gida sati biyar ke nan. Ƙashin ya haɗe, amma zaman gadon ya cinye abin da ƙafar ta tara. Likita ya ja ni gefe ya faɗa min a fili cewa kada in sa rai zai sake takawa. Ni nake ɗaga shi, ni nake kwantar da shi, ni nake kai shi banɗaki, mutumin da ya ƙi sanda don kada a gan shi. Duk lokacin da na rungumo shi sai ya kau da kai ya kalli bango. Na rage zuwa shago, na dawo da keken ɗinkin falo don in riƙa jin motsinsa.

Ka san abin da yake gaya wa masu zuwa dubiya? Wai ni na bar tiyon ban ruwa a kan hanya ya harɗe shi. Ya faɗa wa Kawu, ya faɗa wa Gwaggo, ya faɗa wa tsofaffin abokan aikinsa. Gwaggo ta kira ni kicin ta wanke ni tas, ta ce ƙanena yana can yana kashe kansa a kan uban nan, ni da ke gida tiyo ma na kasa naɗewa. Kai ma ranar nan a waya ka ce in riƙa lura da kayan da nake bari a ƙasa, ka faɗa a hankali, cikin ladabi, kamar mai yafe min. A nan na gane ta asibitin ma ba ka buɗe ta ba. Tiyon nan yana rataye a jikin famfo ranar, a naɗe, ni na naɗe shi.

Na yi fushi da Baba kwana uku, ina yi masa komai ba na magana. A na huɗu ina gyara masa matashi ya riƙe min hannu. Ya ce ni zan iya ɗaukar laifin, kai ba za ka iya ba, in ka sani ba za ka ƙara iya haɗa ido da shi ba, shi kuwa yana so ka riƙa zuwa. Ya kuma ce ya ga inuwata a tagar kicin tun ranar Talatar nan, ya san dalilin gudumar Juma'a. Ashe wata biyu muna ɓoye wa juna abu ɗaya. Ban san ko in yi dariya ko in fasa kwano ba. Ni aka kafa a ƙasa kamu guda aka gwada aka ga ba na motsi, sai a yi ta jingina. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na gaji.

Tumatirin dai sun yi, har abin haushi. A cikin kejinka suka yi 'ya'ya jajur, sun fi na zamanin Inna yawa, ina rabawa maƙwabta. Baba ya ce in cika kwando in ba direba ya kawo maka, in ce kejinka ya yi albarka. Ga shi nan, saƙonsa ne, na isar.

Turakun da na ceto guda sha tara na mayar da su, kowanne a raminsa, ba don tumatir ba, tunda ba sa buƙata. Yana kallona ta taga ina bugawa. Da na gama sai ya ce na bakwai ya yi nisa, in matso da shi inci biyu. Na matso da shi. Kullum da safe yakan sa in tura kekensa bakin ƙofar baya, ya ɗora hannu a kan na farko, ya zauna haka har rana ta iso wurin, sannan ya ce in mayar da shi ciki.

Ya roƙe ni kada in gaya maka abin da ya kayar da shi, na kuwa gaya maka sau biyu ke nan, a ta asibiti da wannan. Amma alkawarina bai karye ba, don na san inda takarduna ke ƙarewa. Na haɗa maka da ta biyun a ciki, har yanzu a liƙe, ka buɗe in ka ga dama, ka bari in ka ga dama. Abin da nake so lallai ya kai idonka na rubuta shi a bayan ambulan da manyan baƙaƙe, tunda nan kake dubawa: Baba ba zai ƙara tafiya ba, yana tambayarka kullum, ka zo da kanka, kada ka aiko komai.

Yayarka,
Tela